Kafin a yanke wa batir hukunci, a duba fambel

1/ Jama'a, a duk kayan mota babu wanda ake zalunta kamar batir. Mota ta ƙi tashi da safe, batir. Fitila ta dushe, batir. Alhali sau da yawa shi ma bawan Allah yunwa ce ta kama shi. Ku biyo ni.

2/ Motar Babanmu Corolla ce 2005. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa ita ce ƙafar gidanmu a Daura: gona a hanyar Sandamu, biki, ta'aziyya, da kai Umma asibiti Katsina duk wata, tafiyar kusan kilomita 80. Cikin wata bakwai ya sayi batir biyu. Da kuɗin fansho fa.

3/ Da na dawo hutu na lura da wani abu. Duk safiya idan an tayar da ita sai ta yi ƙara, tsiiii, kamar ƙofar langa-langa, sai ta yi shiru. A kunna AC ta sake. A murɗa sitiyari har ƙarshe ta sake. Baba ya ce ai ta daɗe tana yi, tsufa ne.

4/ Abin da da yawa ba su sani ba: babban aikin batir tayar da inji ne. Da inji ya tashi, altaneta ce ke ba da wuta, ita ce kuma ke mayar wa batir abin da ya kashe. Ita kuwa altaneta ba ta juya kanta, fambel ne ke jan ta. In bel yana zamewa, ba ta samun gudun da take so, batir ya riƙa ciyar da mota daga aljihunsa har ya tsiyace.

5/ Don haka jar fitilar nan mai hoton batir a dashbod ba cewa take batir ya mutu ba. Cewa take caji ba ya shiga yadda ya kamata.

6/ Na roƙi Baba mu je wajen mai wayarin da ke da mita. Na farko da muka samu cewa ya yi a cire kan batir inji na aiki, in mota ta mutu altaneta ce. Don Allah kar ku yarda da wannan gwajin. A tsohuwar Fijo 504 wataƙila a sha, amma motar da ke da ƙwaƙwalwa, wuta na iya harbawa sama ta ƙona ta. Muka yi masa godiya muka wuce.

7/ Na biyu dattijo ne, ba ya yawan magana. Ya ɗora mita a kan batir mota a kashe: volt 12.1. Lafiyayye mai cikakken caji kusan 12.6 yake nunawa. Aka tayar: 13.9, daidai, don ana so a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Sai ya ce, “Ɗan makaranta, kunna fitila da AC da fanka gaba ɗaya.” Ƙarar ta taso, mita ta faɗo 12.4.

8/ Ya kalli Baba ya ce, “Alhaji, altanetarka ƙalau take. Ba a jan ta ne.”

9/ Nan ne abin ya yi mini daɗi. Ya ɗauko ruwan leda ya ɗan fesa wa bel ɗin, ƙara ta ƙaru. Ya ce in ruwa ya ƙara ƙarar, bel bai ɗauru ba ne. In ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, yawanci wani fuli ne ya kauce daga layi. Ku dai kar ku kai hannu ko hannun riga kusa inji na juyawa, musamman masu babbar riga.

10/ Aka kashe mota. Bel ɗin ba tsaga ko ɗaya, shi ya sa duk wanda ya leƙa sai ya ce lafiya lau. Bel na yanzu ba ya saurin tsagewa, cinyewa yake kamar taya. Namu ya yi sumul yana ƙyalli, ga baƙin mai na ɗiga masa daga sil ɗin gaban inji, ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar kwaɓi. Fulin da ke matse bel ɗin da kansa shi ma ya saki. A tsofaffin motoci da hannu ake ɗaurewa, ka danna da yatsa ya lotsa kamar santimita 1. A wannan babu abin ɗaurewa, sai canji.

11/ Af, masu goga wa bel sabulu ko man birki don ya yi shiru, kun toshe wa mara lafiya baki ne kawai. Mai yana cin roba, santsin ma ƙaruwa yake.

12/ Abin da ya fi ba ni tsoro ba batir ba ne. A Corollar nan bel ɗaya ne ke jan altaneta, AC, famfon sitiyari da famfon ruwan inji. In ya tsinke, sitiyari ya yi tauri, ruwa ya daina zagayawa zuwa lagireto, cikin mintuna inji ya ɗau zafi. Ku hango wannan a tsakanin Mashi da Katsina, a zafin Afrilu, Umma na kujerar baya.

13/ Ba a samu fulin a gari ba, sai da aka aika Ƙofar Ruwa a Kano, washegari direban tasha ya kawo. Aka canja bel, fuli da sil, aka kankare farin garin da ya taru a kan batir, aka ƙara matse wayar da ke zuwa bodi. Duka bai kai kuɗin batir ɗaya ba. Aka kunna komai, mita ta tsaya 14.1.

14/ Gaskiya ba kullum bel ba ne. Wani lokaci kabon ɗin altaneta ne ya cinye, wani lokaci wata waya ce ke shan wuta cikin dare, wani lokaci kuma batir ɗin ne da gaske, don zafin garinmu yana rage masa kwana. Amma awo uku ne: a kashe, a kunne, da kaya a kunne. Minti biyar. Mai sayar da batir kuwa batir yake da shi.

15/ Tsohon batir ɗin da aka ce ya mutu yana gida. An kai shi caji kwana ɗaya, yanzu shi ke riƙe mana fitila da fanka in an ɗauke wuta.