Kaboyin da Bai Zo Gobir Ba

Ba ya jin Turanci, amma da an ambaci Django sai dattijon ya gyara zama. Ya haura saba'in, Bagobiri ne da zanensa a kumatu. Da ƙuruciya yaron mota ne, yana bin manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga Isa da Sabon Birni zuwa Kano, kuma a can ya fara shiga sinima, Plaza ta Fagge da Palace ta cikin gari. Yawancin gidajen kallon lokacin ba su da rufi, sai duhu ya sauka ake kunna majigi. Malamai na ƙyamar wurin, jama'a kuma ba su manta da gobarar sinimar El-Duniya ta 1951 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 300. Shi dai da ya sami na tikiti, ya shige.

Fim ɗin Indiya ya fi jan jama'a, amma nasa zaɓin na kaboyi ne. Dalilin a fili yake: doki, ƙura, shanu, rijiya, rana mai ƙuna. Ɗan Gobir ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane waɗannan. Mutum biyu kawai ake nema a allo, akta da bos, kuma kowa ya san akta ba ya mutuwa.

Franco Nero ne na farko a zuciyarsa, saboda Django na 1966, inda ya shigo gari cikin taɓo yana jan akwatin gawa, ashe bindiga mai ruwan harsashi ce a ciki. Sai Clint Eastwood mai guntuwar taba a baki, da Lee Van Cleef mai idon shaho. Sai da ya tsufa wani jikansa ya gaya masa cewa Italiyawa ne suka shirya waɗannan, kuma hamadar da ya ɗauka ta Amurka ce akasarinta a Sifen take. Bai ji daɗin labarin ba.

Wanda ya fi tsaya masa a rai yanzu shi ne The Magnificent Seven na 1960. Ƙauyen manoma ne a Meziko, ɗan fashi Calvera, wanda Eli Wallach ya fito a matsayinsa, kan zo da mahayansa ya kwashe amfanin gona, ya bar musu abin da zai hana su mutuwa don su sake nomawa. Manoman suka haɗa ɗan abin da suke da shi suka ɗauko 'yan bindiga bakwai, dala 20 kowane. A da, in ji shi, idonsa na kan Yul Brynner da baƙaƙen kayansa da yadda Steve McQueen ke zare bindiga. Manoman masu fararen riguna kuwa, ado ne kawai a bayan fage, har ihu ake musu a sinima ana kiransu matsorata.

Da jikan ya nuna masa fim ɗin a waya kwanakin baya, manoman kaɗai ya iya kallo.

Ba sai an tambayi dalili ba. Ƙauyukan Sabon Birni da Isa sun san harajin da 'yan bindiga ke ɗorawa kafin a bar mutum ya shiga gonarsa, sun san sunan jagoran 'yan bindiga Bello Turji, dubbai sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. A Disamban 2021 an ƙone matafiya cikin mota a yankin, a Agustan 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Doki ya koma babur, shi ke nan bambancin. A fim ɗin akwai wurin da Charles Bronson ya tsawata wa yaran ƙauyen don sun ce iyayensu ragwaye ne, ya nuna musu cewa ɗaukar nauyin iyali ya fi riƙon bindiga wuya. Dattijon ya ce a sinima lokacin ne ya fita sayen gyaɗa.

Yana da ƙorafi a kan fim ɗin, kuma ina ganin ƙorafin na kan hanya. A allo, waɗanda aka ɗauko sun gama aiki, huɗu sun mutu, ɗaya ya zauna a ƙauyen, biyu suka hau dawakinsu suka tafi. A nan kuwa an ga 'yan sa-kai, an ga ramuwar gayya ta haifi wata, ba a ga wanda ya ajiye bindiga ya kama hanya ba. Shi ya sa yake ganin Shane na 1953 ya fi kusa da gaskiya, rikicin mai shanu da manoma a kan fili, duk da cewa a can mai shanun attajiri ne, ba Bafulatanin da aka cinye wa burtali ba.

Maƙwabta a Nijar sun riga kowa hango abin. A 1966 Mustafa Alhassan ya shirya Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sauya sunaye, Djingarey Maiga ya zama Black Cooper, Zalika Souley ta shiga cikinsu, suka juya kan ƙauyensu da fashi da duka. Dattijon bai taɓa ganinsa ba, labarinsa aka ba shi. Ya yi shiru, sannan ya tuna cewa shi ma ya taɓa sayen malafa mai faɗi a kasuwar Sabon Gari, ya shigo Isa da ita a karkace, mahaifinsa ya sa aka cire ta tun daga ƙofar gida.

Jikan ya ce, Baba, a sa Django? Ya ce a bari sai an yi caji, wutar wayar ta kusa ƙarewa, kuma ana jiran kira daga 'yan'uwa da ke Gidan Rumji.