Muryar tsoho a gindin gadar Kwangila

Wata Asabar cikin hunturun da ya wuce na taso daga gidana a Tudun Wada zuwa Kwangila domin in sa jikata a motar Funtuwa. Da mota ta cika ta tashi, sai na raɓa gindin gadar sama wurin wani saurayi mai tura waƙoƙi a waya, na ce ya duba mini ko yana da Bongos Ikwue. Ya ɗago ya ce, "Baba, ɗan Kannywood ne ko ɗan Legas?" Na ce ko ɗaya, ɗana, mutumin Otukpo ne a Jihar Binuwai, amma a garin nan ya yi karatu tun ba a haifi mahaifinka ba. Ya yi dariya, ya lalubo a intanet. Cikin abin da ya zuba mini har da wani kundi da ban taɓa jin labarinsa ba, mai suna Wulu Wulu, wanda Bongos ya fitar a 2013 tare da ƙungiyarsa ta Double X, a lokacin ya kai shekara 70.

Yaran yanzu ba su san shi ba, amma Zariya tana da haƙƙi a kansa. An haife shi a 1942, ya yi sakandare a St. Paul's da ke Wusasa, wadda a yau ake kira Kwalejin Kufena. Yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ya haɗa ƙungiyar kiɗa mai suna UniBello Brothers, daga baya ya kafa The Groovies wadda ta fito da sunansa. Duk wanda ya kalli talabijin a farkon shekarun 1980 ya san muryarsa, domin da ita ake buɗe wasan kwaikwayon nan na NTA a kan rayuwar manoma, Cock Crow at Dawn.

Ba zan ɓoye ba, da ƙyar na kunna sabon kundin. Ina cikin masu ganin idan makaɗi ya tsufa gara ya rataye kayan kiɗansa, ya bar mu da abin da muka sani. Wataƙila abin da aka yi mini ne nake ramawa, domin tun da na yi ritaya daga aikin koyarwa babu wanda ya sake tambayata ko da ma'anar kalma ɗaya. Da dare ya raba na sa a kunne. Muryar ta yi kauri, ta rage gudu, amma ba ta yi ƙoƙarin kwaikwayon samari ba. Gita tana nan, ga 'yan amshi mata, yana rerawa da Idoma da Turanci kamar mai ba jikoki labari a tsakar gida. Sai na iso kan wata waƙa mai suna Mustapha and Christopha, wadda ke magana a kan Musulmi da Kirista da rigimar addini. A nan barci ya ƙaurace mini.

Ina da aboki Kirista ɗan Binuwai wanda muka koyar a makaranta ɗaya shekaru masu yawa. A ɗakinsa nake kallon wancan wasan, don shi ya riga ni sayen talabijin. Duk Kirsimeti ni yake kira in yanka masa akuya domin iyalina su ci hankali kwance, da Babbar Sallah kuma cinyar ragona tasa ce. Da rikicin bayan zaɓe ya ɓarke a watan Afrilun 2011, ya kwashe iyalinsa. A Kwangila ɗin nan na raka shi ya shiga mota, na yi masa alƙawarin ziyara. Ban je ba. A watan Yunin 2012, ranar da aka tayar da bam a majami'u a Wusasa da Sabon Gari, na riƙe waya har la'asar ban iya kiransa ba, don ban san da wane baki zan fara ba. Kunyar kwana ɗaya ta zama ta shekara goma sha wani abu.

Na yi ta tunanin dalilin da ya sa waƙar ta kama ni haka. Da saurayi ne ya rera ta, da na ce wa'azin wanda bai ga jiya ba ne. Amma wannan mutum ya zauna a Zariyar da ɗan Idoma zai zo karatu ya sake jiki, ya kuma rayu har ya ga abin da ya biyo baya. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Irin wannan waƙa sai a ƙarshen aiki ake iya yin ta.

Turawa sun fahimci haka. Ƙungiyar AC/DC ta Ostireliya, masu kiɗan rok mai tsananin ƙara, an kafa ta a 1973. Mai kaɗa gitarsu Malcolm Young ya rasu a 2017 bayan fama da ciwon mantuwa, mawaƙinsu Brian Johnson ya dakata a 2016 saboda matsalar ji. Duk da haka suka sake haɗuwa suka fitar da kundin Power Up a 2020 domin tunawa da mamacin, jama'a kuma suka yi rububinsa. Mu kuwa mun rasa Alhaji Mamman Shata a 1999, mun rasa Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma har yau akwai tsofaffin makaɗan kalangu da kukuma da gurmi a ƙauyukanmu waɗanda babu mai kai su situdiyo, alhali yanzu ne bakinsu ya nuna. Masu situdiyo a Kano da Kaduna da Zariya, da sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, su nemi waɗannan dattawa tun suna numfashi, kuma kada su tsaya kan maimaita tsofaffin waƙoƙi, su tambaye su abin da suke son faɗa yanzu.

Washegari bayan sallar Asuba na nemo tsohuwar lambar, na kira. Ta shiga. Da ya ji muryata sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce da Hausarsa ta Sabon Gari, "Malam, ashe kana da rai?" Na ce ina nan, kunya ce ta hana ni. Ya ce matarsa ta rasu shekara uku ke nan, ya so ya sanar da ni amma ya ɗauka na manta da su. Na yi masa ta'aziyyar da ta makara, muka daɗe muna tambayar 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Na faɗa masa bayan Sallah ina tafe, kuma na riga na koma Kwangila na tambayi kuɗin mota.