Tekun da Ya Shiga Lungu

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma labarin da na zo da shi na wata tafiyar keke ce da na yi a Norway cikin watan Agustan bara. Ku yi mini haƙuri in na ɗan ja ku da nisa.

Mahaifinmu mai gyaran keke ne. Ya yi fiye da shekara talatin a rumfarsa a Funtuwa yana faci, yana ɗaure kaca, yana miƙar da tayar da ta lanƙwashe. Yanzu idanunsa sun tafi, hawan jinin ido ya cinye su a hankali, sai dai kunne da hannu suna nan daram. Da na gaya masa a waya cewa na biya kuɗi zan bi wani ayari mu yi kwana huɗu muna yawo a kan keke, shiru ya yi, sannan ya ce, "Kai ka biya su, ko su suka biya ka?" Na ce ni na biya. Ya tambayi nawa. Na rage kusan rabi na faɗa masa, duk da haka sai da ya yi salati. Daga ƙarshe ya ce to tunda an riga an yi ɓarnar, kullum da dare in ba shi labarin abin da na gani. Ƙannena ana tura musu hoto a WhatsApp a wuce wurin. Shi kuwa hoto ba ya yi masa amfanin komai, dole sai da baki.

Mu tara ne a ayarin. Akwai wasu tsofaffi mata da miji daga Holan, da Jamusawa uku, da wasu, sai jagorarmu, wata 'yar ƙasar da ta haura hamsin, ba ta da yawan magana. Jirgin ƙasa ya sauke mu a Haugastol, aka raba mana kekuna da hular kwano, ta tsaya tana bayani kan giya da birki da ƙa'idar hanya. Ni ina gefe ina ɗaukar hoto. A raina na ce ɗan mai gyaran keke za a koya wa birki? Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hanyar da muka bi sunanta Rallarvegen, wato hanyar leburori. Asalinta ba don yawon buɗe ido aka yi ta ba. An share ta ne don kai kayan aiki da abinci lokacin da ake shimfiɗa layin dogo tsakanin Oslo da Bergen, wanda aka buɗe a 1909. Mutanen da suka fasa duwatsun nan da diga da nakiya su ake kira rallar, kuma har yau akwai gidajen masu gadin layi a gefen hanya. Sai a 1974 aka buɗe ta ga masu keke. Daga Haugastol zuwa Flam kusan kilomita 80 ne, yawanci tsakuwa ce ba kwalta ba, kuma watanni kaɗan ake iya binta a shekara saboda dusar ƙanƙara.

Ranar farko ba wuya, kilomita 27 zuwa Finse, hawa a hankali. Tashar Finse tana kan tsayin mita 1,222, babu tashar jirgin ƙasa da ta fi ta bisa a ƙasar, kuma babu titin mota na jama'a da ke kaiwa can. Babu bishiya ko ɗaya. Tafki ne a gaba, a bayansa kuma wani farin abu shimfiɗe a kan tsauni, tsohuwar ƙanƙara da ba ta narkewa rani da damina, suna ce mata Hardangerjokulen. Jamusawan nan suna ta murna wai a nan aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Star Wars a 1979. Ni abin da ya dame ni lokacin sallah. Rana ba ta faɗi ba sai wajen goma na dare, ga gajiya, ga Baba yana jira.

Na kira shi. Na ce, "Baba, wurin nan yana da kyau ƙwarai, abin sai wanda ya gani."

Ya ce, "To ai ni ba zan gani ba. Me ka gani?"

Kunya ta kama ni. Shekara nawa ina rubuce-rubuce, ina gyara wa mutane labari, amma abin da na iya fitarwa shi ne "kyau ƙwarai". Na fara kame-kame, duwatsu, ruwa, sanyi. Ya katse ni ya ce wane irin ƙara taya ke yi a hanyar? Ban sani ba. Iskar tana da wari ko ƙamshi? Ban lura ba. Sanyin ya kai na hunturun Funtuwa da asuba? Wannan kaɗai na iya amsawa, na ce ya fi shi, kuma wai a hakan lokacin zafinsu ne. Ya yi dariya ya ce in je in kwanta, gobe in buɗe kunne.

Washegari kuwa na buɗe. Daga Finse hanya ta ci gaba da hawa har ta haura mita 1,300. A wurare biyu ko uku dusar ƙanƙara ta rufe hanyar baki ɗaya, muka sauka muna turawa, takalmi na nutsewa, ƙarar kamar mutum na taka garin rogo. A kan tsakuwa taya na yin ƙara irin ta gyaɗa a cikin kaskon suya. Ko'ina ka tsaya kana jin ruwa yana gudu a ƙarƙashin duwatsu, ba ka ganinsa. Iskar ba ta da ƙura ko kaɗan, abin da hancin ɗan Arewa bai saba da shi ba, sai wani ɗan ƙamshin jiƙaƙƙen dutse irin na bakin rijiya. Muka tsaya a wani tsohon gidan mai gadin layi da aka mayar wurin shan shayi, aka ba mu wani fanke mai gida-gida da yankan cuku ruwan ƙasa. Cukun nan da za a ba ka ido rufe sai ka rantse tuwon madara ne aka barbaɗa wa gishiri. Duk waɗannan na riƙa rubuta su a waya, ina tara wa Baba.

Daga nan sai gangara. Akwai wani kwazazzabo da hanya ta tsuke, dutse a gefe ɗaya, ɗaya gefen rami ne da kogi na tafasa a ƙasa. Jagora ta ce kowa ya sauka ya tura, kowa ya sauka, har da ni. Amma da muka iso kusa da Myrdal, inda hanya ke sauka cikin kwarin Flam da kwana 21 masu kaifi, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya kamar an naɗe igiya, ta sake cewa wanda bai yarda da kansa ba ya tura. Tsofaffin nan 'yan Holan, waɗanda a ƙasarsu kusan a kan keke ake haihuwar mutum, suka sauka ba musu. Ni na zauna a kan sirdi.

Kwana na farko da na biyu lafiya. A na huɗu ko na biyar gudu ya fi ƙarfina, yatsuna sun ƙage da sanyi, na damƙe birkin hagu da iyakar ƙarfina. A Raleigh ɗin da na koyi keke da shi, hagu shi ne birkin baya, tsarin Ingila ke nan. A Norway da yawancin ƙasashen Turai hagu shi ne na gaba. Kuma wannan ba birkin sanda ba ne da za ka matse ya yi ta shawara, na faifai ne mai aiki da mai, da ka taɓa ya kama. Tayar gaba ta tsaya cak, ni ban tsaya ba. Na tashi ta saman kan keken na faɗi a kan kafaɗa, na gangara kaɗan, wani dutse ya tare ni. Da na ɗaga kai na ga abin da ke bayan dutsen sai da na yi Innalillahi sau uku. Hular kwano ta tsage, gwiwa da tafin hannu sun kwaile, amma ƙashi bai karye ba.

Jagorar ta zo ta duba idona, ta sa na motsa hannu, ta wanke ciwon ta ɗaure. Ba ta yi faɗa ba. Abin da kawai ta ce shi ne maganar birkin ita ce ta biyu a bayanin da ta yi jiya. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sauran kwanonin da ƙafa na gama su, a bayan tsohuwar nan ta Holan, wadda ta riƙa waiwayowa tana miƙo mini cakulan.

Ƙasan kwarin kamar an canja ƙasa. Ciyawa shar, awaki kwance a tsakiyar hanya ba su da niyyar tashi, ruwa na zubowa daga kan duwatsu ta kowane gefe, jirgin ƙasan Flam yana shiga rami yana fita. Layin nan kilomita 20 ne kacal amma ramukansa 20, kuma daga Myrdal yake saukowa, tsayin fiye da mita 860, har bakin ruwa. Da yamma muka shiga Flam, na ga abin da suke kira fiyod.

A nan aikin ya tsaya mini. Labarin faɗuwa bai ba ni wahala ba. Baba ya saurara har ƙarshe, ya tambayi kafaɗar, sannan ya ce, "Yaron da na aika ya gwada keken mutane, me nake ce masa ya fara taɓawa?" Na ce birki. Ya ce to. Bai ƙara ba. Sai ya ce in ba shi labarin ruwan.

Na ce kogi ne babba. Ya ce ina ya nufa? Na ce ba ya tafiya, a tsaye yake. Ya ce to tafki ne, kamar dam ɗin Mairuwa. Na ce a'a, ruwan gishiri ne, yana ƙaruwa yana raguwa, kuma manyan jiragen ruwa masu hawa-hawa suna shigowa har nan. Ya ce to teku ke nan. Na ce teku ne, amma kana ganin ɗaya gaɓar kamar ka yi kira a amsa. Ya ce, "Kai dai ba ka san abin da ka gani ba."

Gaskiyarsa. Na kwana da abin a raina. Na san bayanin littafi: ƙanƙara mai kaurin gaske ce ta riƙa jan jiki zuwa teku shekaru aru-aru, tana ƙwaƙule kwari har ya yi ƙasa da bakin teku nesa, da ta narke wajen shekara dubu goma da suka wuce sai teku ya biyo ramin. Wanda muke bakinsa reshe ne na Sognefjord, mai tsawon fiye da kilomita 200, zurfinsa a wani wurin ya haura mita 1,300. Amma in na jera wa Baba lambobin nan zai ce sannu da ƙoƙari ne kawai. Ga kuma jarabar da kowannenmu ya sani, ta cewa Hausa ba ta da kalmar, a jefa ta Turawa a wuce. Na sha yin haka a rubutu, mai karatu kuma ba ya iya tsayar da ni. Baba ya tsayar da ni.

Rana ta uku muka huta da keke, muka shiga jirgin ruwa mai amfani da lantarki zuwa Gudvangen, tafiyar kamar awa biyu. Jirgin ba ya ƙara. Muka wuce ƙauyen Undredal mai awaki da ɗan ƙaramin cocin katako, sannan muka karya cikin Naeroyfjord, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2005. A inda ya fi tsukewa faɗinsa mita 250 ne, duwatsun gefe kuwa sun haura mita dubu. Rana ta ɓace, sanyi ya sauko, sama ta koma 'yar siririya. Jikina ya tuna wani abu kafin kaina ya tuna. Haka nake ji ina yaro in an aike ni gidan kakarmu a cikin birnin Zariya, in baro titi in shiga lungu tsakanin dogayen katangun ƙasa, hayaniya ta yanke, inuwa ta rufe ni, ina jin takun ƙafata.

Da dare na ce, "Baba, ka tuna lungun gidan Inna a Zariya? To ka ɗauka katangar dama Dutsen Kwatarkwashi ne, ta hagu ma haka, amma kowanne an ɗora masa wasu a kai. Lungun kuma ya yi tsawon Funtuwa zuwa Kano, yana karkacewa, yana rassa. Sai teku ya baro gidansa ya shigo lungun nan ya kwanta."

Ya yi shiru. Ya ce, "Lungun teku." Na ce e. Ya ce in an yi magana tana dawowa? Na ce tana dawowa, na ji kukan tsuntsu sau biyu. Ya ce mutanen da ke zaune a gindin katangar, rana tana samunsu? Wannan sai da na tambayi jagora washegari, ta ce akwai ƙauyukan da suke yin watanni a hunturu hasken rana bai sauko musu ba. Da na gaya masa ya ce Allah Sarki, su kuma tasu jarrabawar ke nan.

Ranar ƙarshe muka hau daga Aurland zuwa Stegastein, wani dandamali da aka miƙo daga jikin dutse, mita 650 sama da ruwa. Hawan kilomita takwas ne ko kusa da haka, kwana bayan kwana, ni da kafaɗa mai ciwo. Sau biyu na sauka na tura, ban ji kunyar kowa ba. A saman na rufe ido na ɗan lokaci, na kunna waya na naɗo masa iska da ƙararrawar tumaki. Kafin mu gangaro na matsa birkin hagu, na matsa na dama, na sake matsawa. Jagorar tana kallona, ba ta ce komai ba.

Ƙanwata ta ce yanzu in abokansa sun taru a dakalin ƙofar gida da la'asar, shi ke ba su labarin lungun teku, kuma zurfin ruwan ƙaruwa yake yi kowane mako. Labarin faɗuwar ma yana bayarwa, wannan ba ya rage komai a ciki. Saƙonsa na ƙarshe shi ne in zan dawo gida in taho masa da birkin faifan nan guda ɗaya, ko tsoho ne, yana so ya shafa ya ji yadda aka ƙera abin da ya kayar da ni. Na samo wani a wurin mai gyara a Bergen, yana cikin akwati a naɗe da safa.