Wa Zai Yanka wa Agogon Malam Kuɗi?

A kasuwar Bahaushe kaya ba ya zuwa da kuɗinsa rubuce a goshi. Mai saye ne ke tayawa, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a yi ta ja har a kai inda ɗaya zai ce ya sallama. In cinikin ya fi ƙarfin mutum biyu, dillali ya shiga tsakani ya ci la'adarsa. Gwanjo kuwa mun san shi, sai dai ba mu ɗauke shi hanyar mutunci ba. Kayan da aka kama a kan iyaka, motocin gwamnati da suka gaji, dukiyar wanda bashi ya ci, su ne ake kaɗa wa ƙararrawa. Har kalmar ta zame ta koma sunan tufafin da wani ya riga ya sa. Shi ya sa Inna ta ɓata rai ranar da ta ji an haɗa wannan kalma da agogon mahaifinmu.

Agogon Seiko ne, mai fuska ruwan zinare, da zobe mai ja da shuɗi a kewayensa. Kakanmu ya sayo shi a Jidda a aikin hajjin 1975, ya ɗaura shi har tsufa, sannan ya bar wa ɗansa, wanda duk unguwa ke kira Malam saboda shekarun da ya yi yana koyarwa a firamare. Ba ya cin batir, ba a kuma yi masa wani; motsin hannu ne abincinsa, in an ajiye shi kwana biyu ya yi shiru. Ranakun mako suna fitowa a ɗan tagarsa da Larabci. Muna yara mun ɗauka duk agogon duniya haka yake, har sai da muka ga na malaman makarantarmu na roba.

Da Malam ya rasu aka yi sadakar arba'in, Baffa ya zauna rabon gado. Gidan an bar shi a haɗe, littattafai aka raba, keken ɗinki aka yi masa kuɗi. Agogo ne ya tsaya a tsakiyar tabarma, domin ba a yanka shi kashi-kashi, ga Inna da tumuninta, ga mu maza biyu, ga mata biyu. Wani mai gyaran agogo a bakin kasuwa ya taya naira dubu arba'in, ya ce ma don yana ganin girman marigayin ne. Saura kaɗan a sallama. Ni ne na roƙi Baffa ya ba ni mako ɗaya, saboda na ga lamba 6139 a bayan agogon, na kuma san cewa a duniyar intanet akwai mutanen da lambobi irin wannan ke hana su barci.

Abin da na samo ya sa Baffa ya cire tabarau ya goge. Kamfanin Seiko ya fito da wannan samfuri a 1969, yana cikin agogunan farko a duniya da suka haɗa ƙidayar daƙiƙa ta 'yan tsere da ɗaurin kai ta motsin hannu. Wani ɗan sama jannatin Amurka, Kanal William Pogue, ya tafi da irinsa tashar Skylab a ƙarshen 1973, ya kwana 84 a sararin samaniya da shi, har masu tara agoguna suka laƙaba wa samfurin sunansa. Lambar da ke bayan namu ta fara da 53, wato an ƙera shi a watan Maris na 1975, daidai da labarin da muka gada. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk abin da muke gani aibu su daraja suke ganinsa. Jan zoben da rana ta kodar, ƙarcen da ke jikin ƙarfe, fuskar da ba a taɓa canzawa ba, su ne shaidar cewa agogon bai sha hannun masu kwaskwarima ba. Da mun bar mai gyara ya goge shi ya yi ƙyalli, kamar yadda ya yi niyya, da ya goge rabin kuɗin tare da dattin.

Ɗan Baffa yana karatu a Manchesta, yana da tsohon asusu a eBay mai kyakkyawar shaida daga waɗanda suka taɓa ciniki da shi. Ya yarda a aika masa agogon ta hannun wani mai tafiya, ya sa shi a kasuwa. Tambaya ɗaya ya yi mini: gwanjo za a yi, ko kuɗi za a yanka masa a jira mai saye? Baffa ya ce tunda ni na karanta ilmin tattalin arziki a jami'a, ni zan ba da amsa. Daga ranar nauyin ya dawo wuyana.

Yaya gwanjo yake so, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce mu da ba mu san darajar abin ba sai jiya, da wane baki za mu yanka masa kuɗi yau? A bar duniya ta taya. Kwana bakwai a gama, kowa ya karɓi rabonsa. Ya ga labarin agogon Rolex na ɗan wasan kwaikwayo Paul Newman, wanda aka yi gwanjonsa a birnin New York a watan Oktoba na 2017 ya tashi a kan dala miliyan 17 da ɗoriya, sai ya riƙa hango masu kuɗin Turai suna kokawa a kan agogon Malam. Ga kuma Auta, wadda ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, kuma da rabonta ake sa ran biyan kuɗin rajista kafin wata biyu. Gaggawa tana bayan Yaya.

Na fara da duba yadda gwanjon yake gudana, domin ya bambanta da na mai ƙararrawa. A can kowane mai so yana rubuta iyakar abin da zai iya biya a ɓoye, na'ura ta riƙa taya masa kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi nasara ba iyakarsa yake biya ba. Ɗan abin da ya ɗara tayin mai bi masa ne kawai. Wannan shi ne kusan tsarin da William Vickrey ya yi wa bayani a 1961, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1996, wanda na haddace don jarrabawa ban taɓa zaton zai shigo tsakar gidanmu ba. Ma'anarsa mai sauƙi ce, amma tana da ɗaci ga mai kaya: mutum na biyu ne ke yanka farashi. Ko da akwai wani a Jamus da zai iya ba da fam dubu, in wanda ke bi masa a wannan mako fam ɗari huɗu ne iyakarsa, to a ɗari huɗu da 'yan kai za a tashi. Mai gwanjo yana bukatar mayunwata biyu su haɗu a kan akushi ɗaya cikin kwana bakwai. Mai yankakken farashi mayunwaci ɗaya ya ishe shi, in zai iya jiransa.

Na ba Yaya wani labarin a madadin nasa. Ainihin agogon da Kanal Pogue ya je sama da shi, shi ma gwanjonsa aka yi a 2008, kuma bai kai dala 6,000 ba. Abin tarihi ne da babu na biyunsa, amma ya faɗo a lokacin da masu neman irinsa ba su yi yawa ba. Gwanjo ranar kasuwa ɗaya ce. In aka yi ruwa ranar, haka za a kwashe kaya.

Akwai kuma abin da masana suka gani a kasuwar kanta. An kafa eBay a 1995 a matsayin dandalin gwanjo zalla, sai a 2000 ya buɗe ƙofar saye nan take a kan yankakken kuɗi. Liran Einav da Jonathan Levin na Jami'ar Stanford, tare da abokan aikinsu, sun bi sawun cinikin dandalin a wani nazari da aka buga a 2018. Sun nuna cewa gwanjo, wanda da shi ne mafi rinjaye, ya koma 'yan tsiraru cikin kimanin shekara goma, kuma ga kaya iri ɗaya gwanjo ya fi saurin sayarwa amma a kan kuɗi ƙasa. Inda ya ci gaba da amfani shi ne kayan da ba a san darajarsu ba, ko waɗanda babu irinsu. Sai na tambayi kaina a wane layi agogonmu yake. A wurinmu babu irinsa. A kasuwa kuwa Seiko ya ƙera dubbai, kuma duk mako ana sayar da wasu. Na kwana uku ina duba waɗanda aka riga aka sayar, ban kula da waɗanda ake rataye da su ana jiran tsammani ba, domin abin da mai kaya ke fata daban yake da abin da aka biya. Masu sabuwar fuska ta jabu sun tafi da arha. Masu asali irin namu sun taru a wani tsakani da ana iya nuna shi da yatsa. Jahilcinmu na jiya, wanda Yaya ya kafa hujja da shi, ya riga ya ragu.

Da ya ga haka sai ya kawo wata dabara: a yi gwanjon, amma a sa wani abokinsa ya riƙa taya agogon don ya ingiza kuɗin sama. A nan Baffa ne ya amsa kafin ni. Ya ce gwanjo halas ne, an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sayar da shimfiɗa da ƙoƙon wani mabukaci ta hanyar neman wanda zai ƙara. Amma tayin wanda ba shi da niyyar saye, don a ruɗi wani, shi ne najashi, kuma an hana shi a fili. Ya ce ba za a zuba wannan a cikin gadon marayu ba. Dandalin ma ya haramta shi a dokokinsa, amma maganar Baffa ce ta rufe bakin kowa.

Duk da haka ban samu natsuwa ba, kuma dalilin ba ya cikin littafin tattalin arziki. Gwanjo yana da wata ni'ima ga wanda aka ɗora wa amana: yana wanke shi. In agogo ya tashi da arha, sai a ce haka Allah ya nufa, haka kasuwa ta yi. Babu wanda zai nuna ni. In kuwa ni na rubuta lamba, to lambar tawa ce har abada. A saye shi cikin awa ɗaya, a ce na karyar da shi. Ya yi wata biyu babu mai tambaya, a ce kwaɗayina ya hana Auta karatu. Kuma kowa a gidan ya san ina son agogon, ya san da ina da aiki da ni zan fanshe shi. Duk jinkirin da aka samu ana iya fassara shi da cewa ba na so ya tafi. Na fahimci a lokacin abin da ya sa hukumomi da masu rabon dukiyar mamaci a ko'ina suke son gwanjo. Sau da yawa ba don ya fi kawo kuɗi suke zaɓarsa ba, sai don ba a zargin ƙararrawa da son kai. Tambayar da ta rage mini ita ce, shin zan sayi wankin kaina da kuɗin 'yan'uwana?

Na tara su a ɗakin Inna na shimfiɗa komai a fili. Na nuna musu hotunan agoguna goma sha biyu da aka sayar, da kuɗin kowanne. Na ce ra'ayina a yanka masa fam 780, a buɗe ƙofar tayi, kada a karɓi ƙasa da 700, a ba shi kwana talatin. In wa'adin ya cika bai tafi ba, a yi gwanjon da Yaya ke so, da sauran lokaci kafin rajistar Auta. Na roƙi kowa ya faɗi yardarsa da bakinsa a gaban Baffa, domin lambar ta zama tamu. Inna ta ce, "Wannan ai ciniki ne irin wanda muka sani. A taya, a ce albarka." Yaya ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Baffa, na yarda, amma a rubuta kwana talatin ɗin."

Jiran ya fi yadda na zata nauyi. Ɗan Baffa ya ɗauki hotuna a hasken rana, bai ɓoye ƙarce ko ɗaya ba, ya buɗe bayan agogon ya nuna cikinsa, ya rubuta cewa ba a san ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe ba. Mutum arba'in da wani abu suka sa masa alamar sa ido, babu wanda ya motsa. A kwana na huɗu wani ya taya 450, muka ce albarka. A na tara wani ya taya 600, ya haɗa da dogon bayani a kan aibobin agogon, irin na mai sayen akuya da ke kushe ta yana riƙe da igiyarta. Yaya ya daina yi mini magana a kan batun, sai dai kullum da safe ya tambayi Auta kwana nawa suka rage, da murya yadda zan ji.

A kwana na goma sha tara wani mutum daga Holan ya aiko da tambaya wadda ba ta shafi kuɗi ba. Ya ga ranakun Larabci a hoton, yana so ya san inda aka fara sayen agogon. Muka ba shi labarin Jidda da hajjin 1975, iyakar abin da muka sani, ba ƙari. Washegari ya taya 720. Na kira Baffa, Baffa ya kira Inna da Yaya, aka sallama.

Bayan an cire la'adar dandali da kuɗin aikawa da inshora, abin da ya iso ya ninka tayin mai gyaran bakin kasuwa fiye da sau ashirin. Baffa ya fitar wa Inna tumuninta, ya kasa sauran shida, maza bibbiyu, mata ɗaiɗai. Rabon Auta bai cika kuɗin rajistar ba, sai Inna ta tura mata nata a kan tabarma ba tare da ta ce komai ba, Yaya kuma ya ƙirga wani abu daga nasa ya ɗora a kai. Har yau yana cewa da gwanjo aka yi da an haura dubu, ni kuma ba ni da hanyar da zan nuna masa akasin haka, tunda agogo ɗaya ne kuma sau ɗaya ake sayar da shi. Auta tana shekara ta biyu yanzu. Agogon da take ɗaurawa a ɗakin marasa lafiya na roba ne mai batir, ta saye shi naira dubu uku, da shi take ƙirga bugun jini.