Daga Nima Zuwa Tudu, Neman Kayan Ƙera Katafila

Duk wanda ya san birnin Accra, wanda kakanninmu ke kira Ankara, ya san Tudu. Sunan ma namu ne, ba ya bukatar tafinta. Nan ake shiga lorin Aflao da na Ho, nan 'yan canji ke tsayawa a bakin titi, nan kuma ake sauke kayan ƙasar Sin dila-dila. Galibinmu ciniki ne ke kai mu can. To amma Tudu da kewayenta suna da wata fuska wadda ba kowa ke gani ba, sai mai neman abin da zai ƙera da hannunsa. Ita nake so in zaga da ku a wannan wata.

Kowa ya san motar gwangwani. A lungunan Nima da Maamobi yaro kan tsinci gwangwanin madara, ya yanka tsohon silifas ya yi taya, ya ɗaura zare yana ja. Yaran yanzu sun ɗaga buri. Wasu daga cikin 'yan ajina suka ce su katafila za su ƙera, mai tafiya a kan sarƙa, wadda ake tuƙawa da rimot daga nesa. Na ce madalla, amma da sharaɗi: sai an yi lissafi tukuna, sannan a je kasuwa.

Lissafin kuwa ba shi da wuya. Masu wannan sana'a a ƙasashen waje sukan rage komai kashi 1 cikin 16. Wato idan babbar katafila tana da tsawon mita 6 da santimita 40, ƙaramar za ta zama santimita 40 cif. Faɗi da tsayi da girman taya duk haka za a raba su. Yaron da ya ƙi jinin rabawa a allo, ranar nan shi ya riƙe rula bai saki ba.

Ranar Asabar da hantsi muka shiga trotro daga Nima, muka sauka Tudu. Kafin a shiga hayaniyar kasuwa, sai na tsayar da su a ƙofar Jami'ar Fasaha ta Accra da ke kan titin Barnes. An kafa ta a 1949 tana makarantar koyon sana'a, ta zama jami'a a 2016. Na ce su dube ta da kyau, domin tsakaninta da gidajenmu kuɗin trotro ɗaya ne, amma da yawa cikin samarinmu ba su taɓa leƙa cikinta ba.

Daga nan muka taka zuwa Zongo Lane, kusa da Makola. Wannan wuri tsohon zango ne na Hausawa, tun kafin Malam Bako ya tashi da jama'arsa ya kafa Sabon Zongo, tun kuma kafin Malam Futa ya sauka a Nima a 1931. Yau rumfunan kayan lantarki sun yi yawa a wurin. Za ka ga waya launi-launi, da dalma, da makunnai, da 'yan ƙananan alluna masu kama da taswirar gari. Wani dattijo mai rumfa ya dubi takardarmu ya ce, “Ticha, me yaranka za su yi da wannan?” Da muka gaya masa, sai ya yi dariya, ya kira ƙaramin cikinsu ya ce, “Zo nan, ɗana, in nuna maka yadda ake gane ƙafar ja da ta baƙi.” Ya ɗauki kusan rabin awa yana yi musu bayani, bai karɓi ko kwabo a kan wannan ba.

Ga abin da muka je nema. Katafila ba ta da sitiyari irin na mota. Sarƙar dama da ta hagu kowace da injinta. In duka biyun suna juyawa gaba, sai ta miƙe. In aka tsayar da ta hagu, sai ta karkata hagu. In ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya, sai ta juya a inda take tsaye. Saboda haka ana bukatar ƙananan injunan lantarki guda biyu masu ƙarfi ɗaya, da allon da ke iya juya wa kowannensu wuta gaba ko baya. Allon da aka ciro daga lalatacciyar motar wasa yana karɓar umarnin rimot, amma ba ya jure wutar babban inji, ƙonewa yake yi. Dole a sa wani allon a tsakani. Haka kuma tsofaffin rimot masu zango 27 sukan shiga hurumin juna idan yara biyu na wasa a wuri ɗaya, amma sababbin masu lamba 2.4 kowanne ya san abokinsa.

Inji mai gudu ba shi ne mai ƙarfi ba. Sai an haɗa shi da giya mai rage gudu kafin ya iya tura ƙasa. Wannan ne ya kai mu Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota, inda muka samo injin da ke ɗaga gilashin ƙofar mota. Yana aiki da wuta mai ƙarfin 12, kuma da giyarsa a jikinsa yake zuwa. Sarƙa kuwa ta keke muka yi amfani da ita, jeri biyu a kowane gefe, aka ɗaura musu yankakken bututun roba a gicciye. Amfanin sarƙa shi ne raba nauyi a kan wuri mai faɗi, kamar yadda tafin raƙumi ke hana shi nutsewa a rairayi. Tun 1904 wani Ba'amurke mai suna Benjamin Holt ya gwada wannan dabara a gonakin Kalifoniya masu taɓo, daga aikinsa ne kuma kamfanin Caterpillar ya fito a 1925, wanda muka mayar katafila a bakinmu.

Da can, mai neman irin waɗannan kaya Agbogbloshie yake fara zuwa, wurin 'yan kondem, inda ake farfasa tsofaffin kwamfutoci da firji. A watan Yuli na 2021 hukuma ta rushe wannan kasuwa, aka mai da 'yan albasa Adjen Kotoku, masu tsohon ƙarfe kuma suka watsu. Abin mamaki, katafila ce aka sa ta share wurin. Ita ce kuma 'yar'uwar injunan da aka gina dam ɗin Akosombo da su tsakanin 1961 da 1965, da waɗanda 'yan galamse ke ɓata kogunanmu da su. Ƙarfe ba ya da laifi, sai hannun da ya riƙe shi.

Gargaɗi ɗaya ga iyaye da malamai. Batirin da ake cirowa daga tsohuwar kwamfutar hannu yana iya kama wuta idan aka huda shi ko wayoyinsa suka haɗu. Kada a bar yaro ya yi cajinsa a ɗakin kwana, kada kuma ya ƙona waya don ciro jan ƙarfe, hayaƙin guba ne.

Wani zai ce ai duk wannan wasa ne. A 1987 da aka kawo tsarin JSS, manufa ita ce kowane yaro ya taɓa guduma da zarto kafin ya gama makaranta, amma makarantu da dama ba su sami kayan aikin ba. Duk da haka ƙasar nan ta fitar da Dokta Ashitey Trebi-Ollennu, haifaffen Accra, injiniya a hukumar NASA ta Amurka, wanda ya yi aikin hannun na'urar InSight da ta sauka a duniyar Mars a 2018. Shi ya kafa gidauniyar koya wa 'yan makarantar Ghana ƙera mutum-mutumi a 2011. A 2019 kuma 'yan matan makarantar Methodist ta Mamfe suka ciwo gasar Robofest ta duniya a Amurka. Su ma da waya da batir suka fara.

Don haka, ya ku iyaye, in kun ga yaro ya tara gwangwani da waya a bayan ɗaki, a tambaye shi abin da yake haɗawa kafin a ɗauki tsintsiya. Ku kuma masu gyaran rediyo da makanikai na zango, ku buɗe wa yaran unguwa ƙofa ko da ranar Asabar ce kawai. Da icce yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, sai mun haɗu a wata mai zuwa.