Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malamai a kan wani al'amari na sojan Amurka, wanda na ga yana da darasi ga duk mai riƙon amanar kaya. Ni dai na daɗe ina aikin akawun sito, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

A shekarar 1961, da rikicin Balin ya yi zafi, Amurkawa suka lura cewa jirgin sama yana kai soja Turai cikin kwana ɗaya, amma tankarsa da igwarsa sai sun yi makonni a teku. Sai suka shiga ajiye kayan yaƙi a Jamus ta Yamma, domin in ta ɓaci a kwaso mutane kawai su tarad da kayansu. Daga 1969 zuwa 1993 suna gwada wannan dabara kusan kowace shekara: soja su sauka, su karɓi kaya, su yi atisaye, su mayar. A 1981 kuma suka ƙulla yarjejeniya da Norwe, aka riƙa ajiye kaya a kogunan duwatsu kusa da birnin Trondheim. Waɗansu kayan kuwa a cikin jiragen ruwa aka zuba su a tsibirin Diego Garcia. Da Iraƙi ta mamaye Kuwait ran 2 ga Agusta 1990, cikin mako biyu jiragen nan suka iso Jubail a ƙasar Saudiyya. Lalle ajiya maganin wata rana.

To, amma jama'a, ajiya ba barci ba ce. Ƙarfen da ba a taɓawa tsatsa ke ci. Batir yakan mutu, taya ta bushe ta tsage, mai ya yoye, laima ta shiga waya. Don haka dole a busar da iskar sito, a riƙa ta da injin a kan lokaci, a sake mai, a rubuta kome a littafi.

Ga shaida. A 2023 babban mai binciken ma'aikatar tsaron Amurka ya ba da labarin kayan da aka ajiye a Kuwait, waɗanda aka nemi aika wa Yukiren a 2022. Igwa 6 aka tarar ba su harbuwa sai da gyara. Motocin soja 29 kuwa, littafi ya nuna kusan dukansu lafiya lau, da aka duba sai ga mafi yawansu da matattun batura da yoyo da fitilun da ba su kamawa.

Abin da ya fi damuna a nan ba tsatsa ba ce, littafin ne. Kayan da aka rubuta cewa sun lalace, a gyara su ko a nemo waɗansu. Amma kayan da aka rubuta lafiya alhali ba lafiya, su ne ke kashe mai dogara da su, gama ya taho daga nesa hannu sake, bisa maganar wani akawu da bai taɓa gani ba. A aikina na sha ganin an ƙosa da mai cewa a buɗe akwati a ƙirga, a ce ya cika naci. Nacin nan shi ne aikin.

Saboda haka, ya kai mai riƙon mabuɗin sito, ko na magani ne ko na littattafan makaranta ko na hatsi, kada ka sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba. Ranar da za a nemi kayan ba za a yi maka sallama ba.

Ni ne naka,
Wani Tsohon Akawu