Durowar Amarya Da Mai Tatata

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, ku yi mini afuwa, wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya saba da littattafanmu ya san idan aka zo babin kai amarya, marubuciya ba ta gajiya. Sai ta cinye shafi uku tana zayyana ɗaki: gado ɗan waje, sif mai ƙofa shida, madubi da turaruka reras a gabansa, durowa mai hawa biyar, labule kalar kafet. A zahiri ma haka abin yake ranar jere, domin kuwa 'yan jere sai su wuni suna gardamar inda gado zai kalla da inda madubi zai zauna, a matsa nan a matsa can har sai ɗaki ya ɗauki ido. Amma a duk jeren da na halarta, kuma ba kaɗan ba ne, ban taɓa jin wata ta ce a ɗaure durowa da bango ba. Alhali ɗakin nan da ake ƙawatawa, in Allah ya kawo rabo, ba za a shekara uku ba sai an sami mai tatata a cikinsa.

Shi kuwa yaro ɗan shekara biyu, durowa a wurinsa matakala ce. Ya ga inda kika ɗora alawa ko rimot ko wayarki, hannunsa bai kai ba, sai ya jawo aljihun ƙasa ya taka, ya jawo na sama da shi ya kama. To ita durowa tsayuwarta na nan ne muddin nauyinta na kan ƙafafunta. Da zarar an zaro aljihunan da ke maƙare da atamfofi da lesuka, nauyin ya koma gaba, ga kuma yaro yana lilo a can bakin aljihun. Bayanta ɗan siririn falanki ne, babu abin da zai riƙe ta. In a kan kafet mai taushi take, ko daɓen bai daidaita ba, abin ya fi sauri. Na sha jin mata na cewa, "Ai wannan ƙarti biyu ne suka shigo da ita, ina yaro zai iya kayar da ita?" Nauyin da ya sa ƙarti nishi, shi ne zai sauka a ƙirjin yaron da bai wuce kilo 12 ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sau da yawa ba a jin ƙarar faɗuwar. Jikin yaron ne ke tare ta, ƙirjin da aka danne kuma ba ya iya jan numfashin da za a yi kuka da shi. Uwa na tsakar gida tana wanke-wanke, a zatonta barci yake yi.

A gidan ƙanwata abin ya kusa faruwa. Ɗanta ya farka daga barcin rana ya hau durowa zai ɗauko kwalbar turare, ta biyo shi. Allah ya sa kanta ya doki bakin gado ya tokare, yaron ya faɗa a ɗan filin da ke tsakani, ya tsira da targaɗe da ƙulu a goshi. 'Yan jaje suka yi ta zuwa, wannan ta ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, waccan ta ce ƙiriniyarsa ce ta yi yawa. Daga nan aka kama durowar aka miƙar da ita a inda take, aka mayar da turarukan kanta. Washegari na zo da kafinta. Da na yi masa bayani sai ya yi dariya ya ce, "Hajiya, tunda nake sana'ar nan ba a taɓa sa ni wannan aikin ba." Na ce, "To Malam, yau an sa ka." Ko rabin awa bai yi ba ya gama.

Kada a ɗauka aikin kafintocinmu ne kaɗai ke da wannan illa, har a ƙasashen da muke yi wa kayansu kirari da 'yan waje an sha kuka a kanta. A watan Yunin 2016 kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ya janye durowoyi miliyan 29 daga kasuwar Amurka, ciki har da samfurin da ake kira Malm, bayan sun faɗa wa yara sun kashe su. A ƙarshen shekarar ya amince ya biya iyalai uku dala miliyan 50, yaran nasu duk maza ne 'yan shekara biyu ko dab da haka. A 2020 ya sake biyan wasu iyayen dala miliyan 46. Kamfanin yana haɗa durowoyin da abin ɗaurewa a cikin kwalinsu, sai dai da yawan masu saye ba sa ɗaurawa. Shi ya sa a ƙarshen 2022 aka sa hannu kan wata doka a Amurka mai suna STURDY, ta fara aiki a Satumbar 2023. A ƙarƙashinta sai an gwada durowa da kaya a cikinta, aljihunanta a buɗe, kamar tana kan kafet, an kuma rataya mata nauyin yaro mai kimanin kilo 27, in ta kife ba za a sayar da ita ba.

Mu a nan babu mai yi wa durowar da ake haɗawa a bakin titi wannan gwajin, saboda haka aikin ya koma kanmu. Ba wani abu ba ne mai wuya. Ƙarfe ne lanƙwasasshe guda biyu, gefe ɗaya a ɗaure shi da sukuru a katakon saman durowar mai kauri, ba a falankin baya ba, ɗaya gefen a jikin bango. In bangon bulo ne sai an huda shi an cusa robar nan da ke riƙe sukuru, domin ƙusa zalla ficewa take yi in an ja ta. Sif da kabad ɗin falo ma haka, talabijin kuwa a kafe ta a bango, kada a ɗora ta kan durowa. Kaya masu nauyi su koma aljihun ƙasa, abin da ke jan idon yaro kuma a sauke shi daga sama. Masu ginin ƙasa, inda sukuru ba ya kamawa sosai, gara su zaɓi gajeriyar durowa mai faɗin gindi, doguwar a kai ta ɗakin da ake kullewa.

Iyayen amarya nake roƙo su sa wannan a cikin ciniki tun farko, tunda dai kafintan zai zo ranar jere da kayan aikinsa don haɗa gado. Na san wasu za su ce gidan haya suke, mai gida ba ya son a huda masa bango. Ramuka biyu ne da ba su kai kaurin ɗan yatsa ba, ranar tashi siminti cikin cokali ya isa ya toshe su.